Ka Fara Biyan Haƙƙi Kafin Ka Miƙa Sadaka

Ɗana, kai da 'yan majami'arku suka zaɓa ka riƙe musu aikin adalci da zaman lafiya, ko a Kazaure kake, ko Babura, ko Roni, ko wani ƙauye na ƙasar Gwiwa, matso kusa mu yi magana. Na san da zuciya ɗaya ka karɓi aikin nan, na kuma san abin da ke ranka tun ranar da Fada ya kira sunanka bayan Misa: ka tara hatsi da tufafi da ɗan abin da ya samu, ka kai wa gwauraye da marayu da waɗanda ke kwance a asibiti. Wannan niyya ce mai kyau, kada wani ya sa ka fasa ta. Sai dai akwai abin da ke gaba da ita, wanda masu shiga aikin nan da zafinsu kan tsallake ba da gangan ba, shi ne a tabbata an ba kowa abin da yake nasa tun kafin a yi zancen ba shi kyauta. Wannan ita ce nasihata gare ka, kuma duk inda maganarmu ta zaga, nan za ta dawo.

Bari in nuna maka abin da idonka ya sha gani. Ranar baikon godiya ta kaka, ga wani bawan Allah ya shigo da buhun gero a kafaɗar yaransa, mata na guɗa, mawaƙa na kaɗa tulu da kacau-kacau, an dire buhun a gaban bagade kowa na sa masa albarka. Da yamma kuwa, ga samari biyu a tsugune a ƙofar gidansa, sun jingine fartanyoyinsu da katanga, suna jiran kuɗin maimai da suka yi masa tun cikin damina, shi kuma ya aiko yaro ya ce musu su dawo ranar kasuwa. Mutumin nan ba mugu ba ne, ɗana, yana son Allah, yana son a san shi da alheri. Abin da ya kuɓuce masa shi ne, a cikin buhun da ya kai coci akwai gumin waɗancan samari, kuma abin da ba a biya ba bai gama zama nasa ba balle ya yi kyauta da shi. Idan kwamitinka ya karɓi buhun ya raba wa gwauraye, ya yi shiru a kan samarin, to an share hawayen wasu da abin da aka hana wasu. Aikinka shi ne ka same shi a keɓe, ba a gaban jama'a ba, ka gaishe shi da girmansa, ka ce, “Baba, yaran nan fa suna jira.” Sau da yawa wannan kalma ɗaya ta isa.

Kada ka ɗauka wannan ra'ayin dattijo ne kawai. Koyarwa ce da ikkilisiya ta daɗe a kanta. A ranar 15 ga Mayu 1891 Fafaroma Leo na 13 ya fitar da wasiƙarsa a kan halin ma'aikata, lokacin da masana'antun Turai ke tatsar talakawa, ya koyar cewa ladan ma'aikaci dole ya ishe shi rayuwa ta mutunci, kuma amincewar da yunwa ta tilasta wa mutum ba ta mayar da ƙaramin lada ya zama adalci. Babban taron bishop-bishop na Vatican na biyu, wanda ya zauna daga 1962 zuwa 1965, ya gargaɗe mu da kada mu miƙa wa mutum abin da yake bin mu da sunan kyauta. A 1967 Fafaroma Bulus na 6 ya kafa hukumar adalci da zaman lafiya a Roma, daga nan aikin ya bazu zuwa dayosis-dayosis, har ya zama hukumar da muke kira JDPC a Nijeriya, wadda ɗan kwamitinka na ƙauye reshe ne daga cikinta. Kuma Fafaroma Leo na 14, da aka zaɓa ranar 8 ga Mayu 2025, da bakinsa ya ce ya ɗauki sunan ne yana tuna wancan Leo da wasiƙarsa. Ka ga ashe shekara fiye da ɗari da talatin ana nanata magana guda, domin zuciyar ɗan Adam ta fi son a gode mata a kan kyauta fiye da a tuna mata bashi.

To, ta ina za ka fara? Daga cikin gida. Hausawa sun ce in kura na maganin zawo ta yi wa kanta, kuma taron bishop-bishop na 1971 a Roma ya tsaya a kan cewa duk mai yi wa mutane wa'azin adalci sai shi ma an gan shi da adalci. Ka tambaya a hankali: katikis ɗin da ke hawa babur cikin rairayi yana zaga ƙauyuka, yana koya wa yara addu'a, yana binne mamatanmu ranar da Fada ba ya kusa, nawa ake ba shi, kuma yaushe aka ba shi na ƙarshe? Mai gadin coci fa, da malamar da ke koyar da ƙananan yara? Yarinyar da aka ɗauko daga ƙauye tana aikatau a gidan wani ɗan majami'a, tana zuwa makaranta kuwa, ko wanke-wanke da reno ne karatunta? Tun watan Yuli 2024 dokar ƙasa ta sa mafi ƙarancin albashi a naira 70,000, kuma na san ƙaramar majami'a mai baikon 'yan dubbai a mako ba za ta iya kai wannan ba. Amma rashin ƙarfi bai ba mu izinin yin shiru ba. A zauna da mutum, a faɗa masa gaskiyar abin da ke cikin asusu, a yanka abin da za a iya, a cika shi a kan lokaci, a ƙara masa da hatsi da kaka ko a yi masa gayya a gonarsa. Abin da ba ya halatta shi ne a ce masa aikin Allah yake yi, ladansa na sama, alhali an sami kuɗin fenti da na sabuwar lasifika.

Haka kuma kuɗin da zai ratsa hannunka. Baikon azumin kwana arba'in, da abin da Zumuntar Mata za su tara, da ɗan tallafin da zai iya zuwa daga dayosis ko daga ƙungiyar agaji ta Caritas, duka dukiyar talakawa ce da aka ba ka ajiya. Ka sayi littafi mai ƙarfin bango, ka rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita da ranarsa, kada a cire ko naira ɗaya sai da sa hannun mutum biyu, kuma a karanta lissafin a gaban jama'a ko da babu wanda ya nema. Na ga mutanen kirki da sunansu ya ɓaci ba don sun ci ba, sai don sun dogara da ƙwaƙwalwa, ranar da aka tambaya suka kasa kawo bayani. Wanda ya ce maka rubutu alamar rashin yarda ce, ka ce masa gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Idan cikin gida ya daidaita, sai ka ɗaga kai ka dubi ƙasar da Allah ya zaunar da kai. Binciken da hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta fitar a 2022 ya nuna mutum miliyan 133 a Nijeriya na cikin talauci ta fuskoki da yawa, kuma Jigawa na cikin jihohin da abin ya fi tsanani. A shekarar ce ambaliya ta cinye gonaki da gidaje a sassa da dama na jihar. A ƙarshen Mayu 2023 aka cire tallafin mai, kuɗin mota da na taki da na magani suka tashi, sannan bayan juyin mulkin Nijar na watan Yulin shekarar aka rufe iyaka har zuwa Maris 2024, mutanen Babura da ke cin abinci ta hanyar fatauci da 'yan'uwansu na tsallake suka ji a jikinsu. Waɗannan manyan abubuwa ne da suka fi ƙarfin kwamitinka, amma hanyar da suke bi su shiga gidan talaka ba ta fi ƙarfinka ba. Ka san yadda take. Watan Agusta ya kama, rumbu ya yi ƙasa, gero bai nuna ba, yaro ya kwanta da zazzaɓi, sai magidanci ya tafi wurin mai hali ya ci bashin buhu ɗaya a kan zai biya biyu da kaka. Kaka ta yi, ya biya, ya sayar da riɗi da zoɓo da araha domin kowa na sayarwa a lokacin, baɗi kuma yunwa ta riga ta bara zuwa. Shekara biyu ko uku a haka sai a jinginar da gona, da baki kawai, ba takarda, ba shaida, ranar da mai gonar ya rasu 'ya'yansa su tarar wani na nomanta yana cewa saye ya yi. Idan ka kai wa irin wannan gida kwano biyar na hatsi da Kirsimeti ka yi alheri, amma kamar mai zuba ruwa ne a tulun da gindinsa ya tsage. Toshe tsagar shi ne aikin adalci.

Toshewar kuwa ba ta bukatar miliyoyi. Ku tara hatsi da kaka lokacin da yake da araha, kowa ya kawo gwargwadon ƙarfinsa, ku adana a ɗaki mai makulli biyu, da damina a ba mabukaci rance ya mayar da abin da ya karɓa da ɗan ƙarin da kuka amince a kai don asusun ya rayu. Ku ƙarfafa adashin mata. Duk wanda zai jinginar da gona ko ya ci bashi mai nauyi, ku roƙe shi a rubuta a gaban mai unguwa da shaidu, kowa ya riƙe kwafinsa. Idan kuma mai ba da bashin nan na ninki ɗan majami'arku ne, ko mai awo da mudun da aka buga wa gindi, to nauyin faɗa masa gaskiya a kanku yake kafin kowa. Ita gwauruwa ma, ranar da ta fi bukatarku ba ranar jana'iza ba ce, ranar rabon gado ce, lokacin da dangin miji suka zauna, ita tana cikin ɗaki ba ta da baki. Dattijo ɗaya na coci da zai zauna a wurin, ya tuna wa mutane marayu cikin ladabi, ya fi mata turmin atamfa goma.

Ka kuma nemi sanin dokar ƙasa daidai gwargwado, domin jahilcin doka na cikin abubuwan da ke cinye akuyar talaka. Sashe na 35 na tsarin mulkin 1999 ya ce wanda aka kama a kai shi gaban kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu kuwa cikin kwana biyu, in ban da manyan laifuffukan da hukuncinsu kisa ne. Beli a ofishin 'yan sanda kyauta ne a doka. Akwai hukumar gwamnati mai ba marasa ƙarfi lauya kyauta tun 1976, akwai kuma hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasa tun 1995. Idan aka tsare ɗan wani, ku je ku biyu, da tufafi masu tsabta, ku yi sallama, ku tambayi laifin da ake tuhumarsa da shi, ku rubuta rana da lokaci, kada ku ɗaga murya, kada kuma ku miƙa cin hanci, domin wanda ya bayar yau ya sa wa talakan gobe farashi. Idan yaron ya yi laifin, kada ku rufe masa. Adalcin da kake nema wa wanda aka tsare, shi wanda aka yi wa sata ma yana da rabo a cikinsa.

Yanzu ga abin da nake so ka riƙe da hannu biyu. Haƙƙi ba ya tambayar addini. A ƙasar Kazaure da Babura mu 'yan kaɗan ne a tsakiyar 'yan'uwanmu Musulmi, rijiya ɗaya muke sha, kasuwa ɗaya muke ci, kuma mafi yawan matalautan da za ka tarar a Amaryawa ko Korayel ko Insharuwa ba za su taɓa shiga cocinku ba. Idan alherinka ya tsaya a kan masu katin baftisma, ƙungiyar taimakon juna kake riƙe da ita, ba aikin adalci ba. Sistocin St Louis da suka iso Kano a 1948 sun koyar da 'ya'yan Musulmi da na Kirista a aji ɗaya, shi ya sa har yau ake ambaton makarantarsu da mutunci a gidajen da ba na Kirista ba. Kada kuma ka taɓa mayar da taimako ƙugiya. Fafaroma Benedict na 16 ya koyar a 2005 cewa ba a yin aikin ƙauna don a ja mutum ya canja addini, kuma a ƙasarmu wannan ya wuce koyarwa kawai, shi ne sharaɗin amana tsakaninka da gari. Ranar da aka fara raɗe-raɗin cewa buhunku na da igiya a gindi, ƙofofin da za ka shiga ka yi alheri sun rufe ke nan. Maƙwabtanka suna da zakka da waƙafi, limamansu na wa'azi mai zafi a kan tauye mudu da cin dukiyar maraya da hana ɗan ƙwadago ladansa, don haka ba baƙon yare za ka yi musu ba. Abin da Fafaroma Francis da Shehun Azhar, Ahmad al-Tayyib, suka sa wa hannu a Abu Dhabi ranar 4 ga Fabrairu 2019 a kan 'yan'uwantakar bil'adama, kai za ka iya aikata shi da ƙafarka, ta hanyar zuwa gaishe da limamin unguwa da dagaci tun ba abin da ya faru. Gwajin gaskiyarka zai zo ranar da manomi ɗan cocinku ya ci burtali ya shuka a hanyar shanu, makiyayi ya kawo kuka. A ranar ka tsaya inda gaskiya take, ko da naka zai yi fushi, domin ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi.

Na san za ka ce, “Baba, mu fa, idan mu aka danne?” Tambaya ce mai nauyi, ba zan kuma ce maka ba ta da tushe ba. Yakan faru a nemi filin ibada ko na maƙabarta a yi ta jan ƙafa, ko ɗan da aka haifa a gari, uban ma a nan aka haife shi, ya sha wuya kafin ya sami takardar shaidar zama ɗan ƙasa. Kada ka haɗiye irin wannan da sunan haƙuri, domin haƙƙin naka ma haƙƙi ne. Amma ka bi ta ƙofa. Masarautar Kazaure, mai riƙe da Kazaure da Roni da Gwiwa da 'Yankwashi, da masarautar Ringim da Babura ke ƙarƙashinta, suna da tsani da kowa ya sani, daga mai unguwa zuwa dagaci zuwa hakimi zuwa sarki. Ka hau shi mataki-mataki, da takarda a hannu, da shaidu, da sanin Fada, in abin ya gagara a sanar da ofishin dayosis a Kano, wanda Jigawa ke ƙarƙashinsa, kotu kuma tana nan. Abin da nake roƙonka ka guje masa shi ne ɗaukar waya cikin fushi ka watsa a Facebook labarin da ba ka tantance ba, domin mutanen nesa za su yi ta zuga daga inda suke, gobe kai da maƙwabcinka ne za ku haɗu a bakin rijiya. Ka dubi Bishop Matthew Hassan Kukah na Sakkwato, mutum ne da ba ya ɓoye abin da ke ransa ga masu mulki, amma shi ne ya yi ɗawainiyar haɗa kwamitin zaman lafiya na ƙasa ƙarƙashin Janar Abdulsalami Abubakar, tare da Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar, har Goodluck Jonathan da Muhammadu Buhari suka sa hannu a kan alkawarin zaman lafiya gab da zaɓen 2015. Faɗar gaskiya da riƙe zumunci ba kishiyoyi ba ne.

Kada ƙarancinku ya karya maka gwiwa. A 1991, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa, aka yanke yankin Kano daga Kaduna a matsayin ƙaramin mishan, a 1999 ya zama cikakken dayosis, kuma tun 2008 Bishop John Namaza Niyiring ke riƙe da shi. A 2023 aka kafa dayosis ɗin Katsina, aka naɗa ɗan Malumfashi, Gerald Mamman Musa, bishop ɗinsa na farko. Duk wannan a hankali ya ginu, a hannun mutanen da mafi yawansu ba a rubuta sunayensu ko'ina ba. Ƙungiyar Vincent de Paul da ke ziyartar matalauta a ƙasashe da yawa yau, ɗalibai 'yan kaɗan ne suka fara ta a birnin Paris a 1833. Ku ma kuna da ɗaliban kwalejin kimiyya da fasaha ta Hussaini Adamu a Kazaure da na jami'ar fasaha ta Babura, da masu bautar ƙasa, da ma'aikatan jinya. Wani ya iya lissafi, wani ya san doka, wata ta san magani. Ka ja su a jiki. Ke kuma 'yata ta Zumuntar Mata, ki sani ba dafa abincin taro kaɗai ne rabonki a aikin nan ba, domin ke kike shiga ɗakunan da namiji ba ya shiga, ke kike sanin gidan da ba a ɗora tukunya ba da yarinyar da aka cire daga makaranta, kuma kwamitin da ba ya jin muryarki rabin gari kawai yake gani.

Sannan ka kiyaye mutuncin wanda kake taimako. Talaka ya rasa abin hannu, bai rasa kunya ba. Kada ka jera gwauraye a rana kana ɗaukar hotonsu da ƙullin shinkafa a ka. Ka kai da dare in ya yiwu, ka zauna a tabarmarsa, ka sha ruwan gidansa, ka tambaye shi abin da yake gani zai fisshe shi kafin ka yanke masa, domin wanda ke cikin ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Idan lokacin siyasa ya zo, masu neman ƙuri'a za su so su bi ta hannunka su raba abinsu. Ka karɓe su da mutunci, ka faɗa musu bukatun gari, rijiya da asibiti da malaman makaranta, amma kada ka sayar musu da sunan kwamiti, domin bakin da ya ci ba ya iya tsawatarwa.

Za ka gaji, ɗana. Wanda ka tsaya wa zai iya wuce ka a hanya bai gaishe ka ba, wanda ka faɗa wa gaskiya zai iya daina zama kusa da kai a coci, wata shari'ar kuma za ka bi ta shekara guda ta ƙare ba yadda kake so ba. Kada wannan ya sa ka koma rabon kaya kaɗai don shi ne ba ya jawo baƙin jini. Ka riƙe addu'a da Misa, domin mai neman adalci da ya bar addu'a yakan wayi gari fushi ne kawai ya rage masa. Ka koya wa wani matashi duk abin da ka sani, littafin lissafi da hanyar gidan hakimi da lambar ofishin dayosis, don aikin ya ci gaba ko an yi maka canjin wurin aiki. Kuma a taronku na gaba, kafin a buɗe zancen abin da za a raba, ka sa a fara da tambaya ɗaya: wa ke bin mu, mu da muke zaune a nan? Ku rubuta sunayen, ku sa ranar biya, ku cika. Allah ya ba ka ƙarfin zuciya da sanyin baki, ya sa ka gama da mutuncinka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.